Lorene Tana Kira Ranar Asabar

Tun da hantsi jak ɗin ɗaga mota ya zame. Ga shi rana ta karkata, Hollis Tackett yana nan kwance ƙarƙashin a-kori-kurarsa, ƙarfen motar ya danne masa cinya. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Shanunsa ne kawai suka ɗago kai, suka koma cin ciyawa.

Ba mai zuwa, kuma ya san dalili. Shi da hannunsa ya ɗaure ƙofar gonar da sarƙa, ya kafa allon da ke cewa ikon gwamnati ya ƙare daga nan. Mai kawo wasiƙa ya daina tsayawa. Ɗan sandan da ya taɓa leƙowa gaisuwa, da bakin bindiga Hollis ya raka shi titi. Harajin motar asibiti ma shi ya bi gida-gida har gunduma ta soke shi, yana cewa namiji ba ya kwanciya jiran hukuma ta ɗauke shi. Ɗansa Wade kuwa ya ɗauke ƙafa tun ranar da uban ya kira shi bawan gwamnati ana tsakiyar cin abinci.

Wayarsa tsohuwa ce mai murfi, don a cewarsa sababbin nan kunnen Washington ne a aljihun mutum. Da ƙyar ya zaro ta daga wandon da jini ya jiƙa. Maɓallan duk sun murƙushe, kira ba ya fita. Amma idan aka kira shi, buɗe murfin kaɗai ya isa.

Sai ya rungume ta yana jira. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon duniya ta ƙyale shi, yau ga shi yana addu'ar ko mai tallan inshora ya tuna da shi. Ƙishirwa ta manne masa harshe. Ƙafar ta daina ciwo, wannan ya fi ciwon ba shi tsoro.

Wayar ta yi ƙara. Ya buɗe murfin.

“Barka da yamma, maƙwabci. Lorene ce, daga ƙungiyar masu son Texas ta ɓalle daga Amurka ta ci gashin kanta. Ɗan lokaci kaɗan nake roƙo.”

Gabansa ya faɗi. Ya manta yau Asabar.

Lorene matarsa ce. Tun da ta tafi ta bar shi ba ya jin muryarta sai ranar Asabar, shi ma a kan aikin jin ra'ayin jama'a. A da 'yan jami'a ƙungiyar ke ɗauka su yi ta buga waya, su kuma kullum su dawo da labarin mutane ba sa son ɓallewa. Hollis, da yake shi ke jagorantar ƙungiyar, ya sallame su, ya ce surutunsu ne ke sanyaya wa jama'a gwiwa. Da aikin ya koma hannun Lorene, kusan kowa ya zama mai goyon baya, Hollis ya yi ta cika baki da sakamakon a gidan rediyon gunduma. Shi kansa ba ya bari kiranta ya wuce shi. Yakan zauna a baranda yana jan amsa, don dai kada ta yi saurin kashewa.

Ya san ba za ta saurare shi ba. Duk da haka ya roƙa.

“Lorene, ni ne. Mota ta faɗo mini, jini nake zubarwa. Don girman Allah ki kira wani.”

Ta yi ɗan shirun nan nata, sannan ta gode masa, ta tambaye shi ko ya yarda mutanen da ba su taɓa taka ƙasar nan ba su ci gaba da cin guminsa.

“Tsohuwa, ajiye maganar nan. Ki kira Wade, ki ce masa na janye abin da na faɗa. Ko 'yan sandan ne ki kira, na yarda. Su fasa sarƙar.”

Ta sake gode masa. Can bayan muryarta ana jin cokali yana kaɗawa cikin kofi, kamar kowane mako. Ta zo kan tambayar ƙarshe: lokaci ya yi da Texas za ta tsaya ita kaɗai?

“A'a,” in ji Hollis, hawaye na gangara masa cikin kunne. “Ba na so ni kaɗai. A zo, don Allah a zo.”

“Madalla, maƙwabci. Mun sa ka cikin masu goyon baya. Allah ya nuna mana ranar 'yanci.”

Layin ya mutu. Hollis ya ɗora wayar a ƙirji, ya rufe ido, ƙarar cokalin na nan a kunnensa. Cokalinsa ne. Shi ke dama kofi a kicin ranar da ya ɗauki muryarta ya zuba a wata na'ura mai buga waya da kanta, ya saita ta yadda kowace amsa za ta zama “eh” ba tare da wani ɗan Adam ya saurara ba, wata guda kafin ya binne Lorene a gindin bishiyar da ke bayan rumbunsa.