Wuta a Zurmi

"Kaura, Kaura, Zurmi ke kira... wuta... asibiti... kowa ya fito waje..." Sai oba-obar ta shaƙe. Abin da Mwuese ta ji na ƙarshe shi ne ihun mata.

Ta miƙe zumbur. Sabuwa ce a ɗakin rediyon da ya haɗa 'yan sanda, asibitoci da 'yan kwana-kwana. Motar kashe gobara ɗaya ce tal daga Kaura har Shinkafi, ba ta fita sai da izinin Oga, shi kuwa Oga ya tafi masallacin Juma'a.

Ta kira Zurmi, shiru. Ta sake kira, shiru. Majinyatan da ba sa iya tashi daga gado suka faɗo mata a rai. Ta leƙa wajen direba.

"Baba Namadi, tada mota. Asibitin Zurmi na cin wuta."

"Ɗiyata, Oga ya sani?"

"In kora ce, ni za a kora. Ku tafi."

Ta kasa zama, ta kasa tsayuwa, har oba-obar ta yi tari. Namadi ne, yana dariya.

"Mun iso, ɗiyata. Wutar lantarki anka kawo musu yau, guɗa ta kinka ji. Har fura sunka ba mu."

Ba ta gama sauke numfashi ba wani baƙo ya yar da kekensa a ƙofa, ya faɗo ɗakin, hannun rigarsa a ƙone.

"Ina motar? Layin bayan tasha ya kama."

A layin nan Mwuese ta baro 'yarta tana barci.