Igiya Ɗaya a Fadamar Shinkafa

Kai ɗan nan, tun ɗazu nake jin ka kana cewa wai in ƙasashe maƙwabta suka haɗa kasuwa da shawara, babbar cikinsu za ta haɗiye ƙananan, gara kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. To gyara zama ka ji misali.

An yi wata fadama a bakin kogi mai gonakin shinkafa uku a jere, kowa da iyakarsa, babu mai ce wa wani shuka ko yanke. Ta gabas ita ce babba, ta wani mai hali. Ta yamma ta wani dattijo ce mai sanyin rai. Ta tsakiya kuwa, 'yar mitsitsiya, ta wata mace ce da mijinta ya rasu ya bar mata ita, da shingen ƙaya, da wata bishiyar kanya da ya dasa da hannunsa. Duk shekara da shinkafa ta fid da kai, sai jan-baki su taso kamar hadari. Mai gabas ya sa barorinsa su yi ta ihu da jifa har tsuntsayen su tashi su faɗa gonar matar. Ita ma ta ci ɗamara ta kaɗa tsohon kwano, ta tura su yamma. Dattijo ya kora, su juyo. Kowa in ya ga garken ya sauka wa maƙwabcinsa sai ya yi hamdala ya zauna shan iska, su kuwa tsuntsaye ko a jikinsu, an dai sauya musu akushi ne. Mai tsakiya ita ke shan kashi ta gaba da baya. Wata shekara abin da ta girbe bai rufe gindin rumbu ba.

Sai mai hali ya tako har bakin shingenta ya ce, “Yaya, wahalar nan ta isa. Zan ja igiya mai gwangwanaye tun daga gabas har yamma, barorina su riƙa ja. Shinkafa duka a kai rumbuna, ni in yi rabo. Ko kuma ki sayar mini da 'yar gonar nan ki huta.” Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Alhaji, igiya na yarda da ita, rumbunka ne ban yarda da shi ba. Gonar nan da sunana ake kiranta, haka za a ci gaba da kira har a kai ni makwanci.” Ta sa aka kirawo dattijo, suka zauna su uku, ta zayyana nata sharuɗɗan: igiya ɗaya, rumbu kowa nasa. Rumfar jan igiya a yi ta karɓa-karɓa, wanda ya yi barci a kanta a sauke shi ko wane ne. Abin da ya shafi fadama kuwa a zauna a yanke shi tare, kowace gona baki ɗaya. Mai hali ya yi tsalle ya dire, ya ce gonarsa ta ninka tata, yaya za a yi bakinsu ya zo daidai? Ta ce, “Jan-baki yana auna gona kafin ya sauka? Mai babbar gona ya kawo igiya mai yawa, shi ne girman. Kuma ka duba da kyau, igiyarka ba ta da fiffike, ta kaina za ta bi. In kun ƙi, in naɗe hannu in bar tawa ta zama masaukin tsuntsu, su karya kumallo a wurina su yi kalacin rana a wurinku.”

Aka daɗe ana ja-in-ja kafin ya sauko. Sai dattijo ya nuna kanyar nan ya ce a kanta tsuntsaye ke taruwa su huta, shingen ƙaya kuma zai tsinka igiya, don haka a kawar da su. Mai hali ya ce haka ne. Baki biyu suka rinjayi ɗaya, da dokar da ita ta kafa. Matar ta tuna mai dashen. Sannan ta miƙe ta ce kada kowa ya taɓa, ta ɗauko gatari ta sare ta da kanta, ta janye ƙayar, ta bar duwatsun iyaka a inda suke.

Da shinkafa ta sake fid da kai, jan-baki suka zo yadda suka saba. Ranar kuwa ita ce bisa rumfa. Ta fizgi igiya, fadama gaba ɗaya ta ɗauki ƙara tun daga gabas har yamma. Garken ya yi gabas babu wurin sauka, ya yi yamma babu, ya kewaya ya gaji, ya haye kogi. Kada ka ce rigima ta ƙare, a'a, har gobe suna zama su yi ta cacar baki a kan wanda ya makara hawa rumfa. Amma da kaka ta yi, matar nan ta ɗauki dammunanta ta wuce ta gaban ƙofar mai hali, kanta a sama, ta zuba a rumbunta har ya cika, gona kuma tana nan da sunanta.

To ka ji. Ƙaramin da ya shiga da bakinsa da sharaɗinsa ba ya haɗiyuwa, wanda ya ja ƙofa ya zauna shi kaɗai shi tsuntsu ke cinyewa. Gaskiyar masu iya magana da suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.