Tsarabar Rumaisa

Tun da aka rufe Kano da rumfar gilashi, sai wanda ƙuri'a ta faɗo kansa ke fita hutun ƙarshen mako a Lambun Tsamiya, can bayan gari, inda har yanzu ruwan sama ke sauka a ƙasa. Ni da na karanta ilimin noma, na fi kowa maki a ajinmu, ban taɓa taka gona ba. Amma ƙanwata Rumaisa, mai tsoron tsutsa, ita ta ci.

Ranar Lahadi ta dawo tana sheƙi.

"Yaya, ko tsaraba ba ki tambaya ba?"

"Tsarabar me? Ko ganye ba a bari a fito da shi. Riƙe labarinki."

Ta yi dariya, ta miƙo min hannu. Masu gadi sun wanke mata takalmi, sun kakkaɓe mayafinta, amma ba su duba ƙarƙashin farcenta ba. Baƙar ƙasa ce maƙale, da sauran danshinta.

"Ƙazama," na ce. "Kawo na yanke miki."

Na yanke a hankali, a kan farin hankicina, na ƙulle bakinsa. Ban gode mata ba, kuma ba zan gode ba sai na je da ƙafata.