Layin da Nake Sharewa

Shekara tara ina share layin asibiti, ban taɓa tarar da ƙazanta irin ta safiyar Asabar ɗin nan ba: ruɓaɓɓen tumatir, kunzugun jarirai, ƙudaje dam. Alhali jiya na bar wurin fes.

Ina toshe hanci sai ga 'yan ƙungiyar taimakon al'umma, riguna iri ɗaya, tsintsiyoyi sababbi fil.

"Mama, ki huta, yau mu ne masu shara," in ji shugabansu.

Suka ɗauki hoton tulin, suka kwashe shi a baron wani mutum, suka sake ɗaukar hoto. Har da ƙwallata wajen sa musu albarka.

Ranar Litinin ogana ya nuna mini hoton farko a wayarsa. "Haka kike aikin? Ajiye tsintsiyar, mun sallame ki."

Na fito, sai ga mai baron da ya kwashe musu sharar yana tura ta, warin har maƙogwaro.

"Malam, har yanzu ba ka zubar ba?"

"Shugaban ƙungiya ya ce in adana, Mama. Asabar mai zuwa a layin makaranta za mu juye ta."