Motar da Aka Hana Sunkuyawa

Tanimu, tunda ka ce gobe za ka kai motarka a ƙara mata zoben ƙarfe a gaba don hancinta ya ɗago, zauna in ba ka wani misali. In ka ji, sai ka yi yadda ka ga dama.

A wani gari can bayan kogi an yi wani mai a-kori-kura, mutumin kirki, hannunsa a sake. Maƙabartar garin tana da nisa, hanyarta kuwa zaizaya ta cinye ta, ba komai sai ramuka. Shi ya ɗauki nauyin kai gawa, kyauta, don Allah. Da damina ta yi nisa ƙarƙashin motar ya riƙa gugar ƙasa, sai ya kai ta gareji aka ɗaga ta gaba da baya, aka sa mata dogayen sifirin da shakazoba daidai da su. Wannan ba laifi, aiki ya yi kyau, mota ta riƙa haye rami kamar raƙumi. To amma ka san a-kori-kura, haka aka ƙera ta, bayanta ya ɗara gabanta tsawo, don in an loda mata kaya ta zauna daidai. Shi kuwa wannan ɗan sunkuyon ne ya tsaya masa a rai. Duk sanda ya fito daga masallaci ya hango ta, sai ya ga kamar tsohuwa ce ke neman allura a ƙasa. Abokai kuma suka samu abin yi, wai motarsa ta fi shi ladabi. Ya koma gareji ya ce a cusa zoben ƙarfe a kan sifirin ɗin gaba, hancinta ya ɗago. Makaniken ya ce, "Alhaji, gaɓar da ke riƙe da tayar nan an riga an ja ta iyakar janta. Ɗagi kan ɗagi fa, ba sauran wurin motsi." Ya ce, "Haba malam, ɗan zoben da bai fi kaurin tafin hannu ba? Kai dai ɗaura." Aka ɗaura. Mota ta tsaya ƙyam, kuma ba zan ɓoye maka ba, ta yi kyau.

Ba a jima ba aka fara jin ƙwanƙwasa. Ba kullum ba. In yana yawonsa cikin gari shi kaɗai, shiru kake ji. Sai ranar jana'iza, an ɗora makara, mutane sun cika baya, an kama hanyar maƙabarta, sannan za a ji ta daga ƙarƙashin ƙafar direba, ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar baƙo mai kunya a bakin ƙofa. Masu salati a baya sai muryarsu ta yi ƙasa. Kowa ya saci kallon likkafani, ya kau da kai. Wani ya ce mamaci ne ba ya son tafiya. Wani ya ce a'a, mutanen ɓoye ne na tsamiyar bakin kwari, an ɗaga motar har ta kai tsayin reshen da suke zama. Ba wanda ya ce a leƙa ƙarƙashi. Alhali nauyin jama'a ne ke danne bayanta, hancin ya ƙara ɗagawa, gaɓar nan tana dukan iyakarta a kowane rami, tana cin kanta. Amma motar da ke ɗaukar gawa, wa zai ji ƙwanƙwasa a cikinta ya tuna da ƙarfe? Mai motar ya turara ta da hayaƙi, ya rataya laya a madubi, ya yi sadakar waina. Daga baya ya koma ƙure muryar rediyo don kada ya ji. Tausayinsa nake ji har yau, domin ya ji tsoro sosai, har ya rame, sai dai ba abin tsoron yake tsoro ba.

Wata Laraba da hantsi aka ɗauki gawar wani dattijo. Da suka kama gangaren kwari ƙwanƙwasar ta ƙara sauri, ta ƙara sauri, sai kuma ta ɗauke ɗif. Waɗanda ke baya sun ce wannan shirun ya fi ƙwanƙwasar tayar da tsikar jiki. Gaɓar ce ta fice. Tayar gefen direba ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi, motar da ya hana sunkuyawa ta durƙusa ta kafa hanci a ƙasa, da yake kuma ta yi tsawo da yawa, sai ta kife. Jama'a suka zube cikin yashi, wasu da karaya, wasu da ƙujewa. Makara ta zame ta sauka a gefen hanya, mamaci ko likkafaninsa bai kwance ba. Mai motar kaɗai ne bai fito ba. Can maƙabarta masu haƙa sun gama aikinsu, suna zaune a inuwa suna jiran gawa ɗaya, sai aka aiko musu kada su ajiye shebur tukuna. A kafaɗa aka kai su su biyun, don a garin ba wata motar.

To, Tanimu, taka motar an riga an ɗaga ta, tana haye duk ramin da kake so ta haye. Abin da ya rage kwalliya ce kawai, kuma matarka da 'ya'yanka a cikinta suke zama. Bar ta ta sunkuya. Ba a banza Hausawa suka ce ba, garin neman gira, a rasa ido.