Munduwar Yaya Haladu

Kuskuren shi ne kowa na ganin fitilar. Wata likita ce ta ƙirƙiro munduwar, har lambar yabo ta samu. Duk wanda ya warke daga ciwon daji sai an ɗaura masa: fitilarta in ta yi koriya lafiya, in ta yi ja cuta ta dawo.

Na raka yayana Haladu, direba, tasha. Fasinjoji hannunsa suke kallo kafin su gaishe shi.

Na ce, "Yaya, ta fara ja. Mu je asibiti."

"Wa zai shiga motata in ya gani? Na gaji, Tanko."

Ya kwance ta, ya ɗaura wa wani ɗan kamasho. Ta koma koriya, mota ta cika.

Asibitin da munduwar ke aika wa rahoto ba su neme shi ba, a wajensu ƙalau yake. Kafin damina muka binne shi.