Ɗigo Uku na Jan Farce

Warin ne ya fara dukan hancin Muktari tun kafin ya kwance noti na huɗu, wari kamar na kifin da ya kwana. Ya ɗaga murfin injin wasan yaran, irin wanda ake jona wa talabijin, ya tarar da abin da ya zata. Kondansater ɗaya, ɗan gwangwanin da bai kai kan yatsa ba, ya kumbura ya tsiyaye, ruwansa har ya fara cin hanyoyin tagulla.

Ya jiƙa tsohon buroshin haƙori da alkol, ruwan goge datti, ya hau gogewa. Dama neman abin da zai ɗauke masa hankali yake yi, domin gobe ne sadakar Illa.

Illa wansa ne, shi ya koya masa gyaran rediyo a wannan rumfa ta kasuwar Tawa. Shekara bakwai ke nan da ya hau motar Libiya, ba wasiƙa, ba saƙon baki. Sai bana Inna, mahaifiyarsu, ta haƙura ta ce a yi. An sayo gero daga Bambeye, an gaya wa liman, daga gobe kuma Raƙiya matar Illa za ta shiga takaba.

Dattin yana fita buroshin ya tsaya cak. A jikin gwangwanin akwai ɗigo uku na jan farce, a jere.

Duk ƙasar Adar mutum ɗaya Muktari ya sani da wannan. Duk abin da Illa ya sake a cikin rediyo sai ya ɗiga masa uku, don kada a ce bai sake ba. Kwalbar ma ta matarsa yake ɗauka, ita kuwa tana riƙe masa fitila tana mita. Muktari bai taɓa yi ba, shi a ganinsa kwalliya ta mata ce.

Ko rumfa bai rufe ba. Ya rungumi injin, wayoyi na reto, ya nufi asibiti wurin mai shi, Madam Maimuna ungozoma.

"Madam, wa ya taɓa gyara wanga, kuma yaushe?"

"Bara waccan. Kadidiya dillaliya ta kai shi wani gida nan cikin gari, kwana biyu ta maido. Ta ce mai aikin ba ya son a faɗi sunanshi."

Bara waccan! Nan cikin gari! Muktari ya fice da sauri. Ya ruga gidan dillaliya, aka ce ta tafi cin kasuwar Kalfu, sai jibi. Jibi kuwa an riga an sha gumbar sadaka.

Ya tsaya a bakin titi, ya tafi, ya dawo, rana tana gasa shi. Ruwa ba ya tsami banza. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa masu rediyo suke ta zame masa, ana raɗe-raɗin wani mai gyara mai arha da ba shi da rumfa. Ashe ɗan cirani ne ya dawo hannu rabbana, kunya ta hana shi fitowa. Ba a kansa farau ba. Muktari ya sake duba gwangwanin, ya ga tsoho ne da aka ciro daga mataccen rediyo, shi ya sa ya tsiyaye. Illan da ko kusa ba ya sa tsoho! Lallai wuya ta kai shi bango.

Murna da haushi suka cakuɗe masa. Uwa tana kuka shekara bakwai, kai kana laɓe a gari? Amma dai yana da rai. Kafin Inna, Raƙiya ce ta fi cancanta ta ji.

Bai saba zuwa gidan da azahar ba, sai bayan magariba, ya gaisa daga tsakar gida ya wuce. Yau yana sa ƙafa a zaure ya ji ƙaurin narkakkiyar dalma.

Nan komai ya faɗo masa. Akwatin kayan aikin Illa, sau uku yana roƙo tana hana shi. 'Ya'yanta biyu suna karatu a lakkol, ba ta taɓa roƙon kowa ko alli ba. Ko ƙonuwar da ke yatsunta bai taɓa jin ta koka da ita ba, sai ta ce tukunya ce. Mace mai haƙuri, in ji gari. Ashe da ita aka haɗa baki, a ɗakinta take ɓoye shi!

Daga ƙuryar ɗakin wani rediyo ya yi tari, ya yi shiru, sannan ya kama magana tangararan. Muktari ya manta da sallama. Ya fizge asabari, hawaye sun riga shi.

"Yaya! Fito, na gane hannunka!"

Mutum ɗaya ne a ɗakin. Raƙiya ta mayar da ƙarfen liƙi cikin garwashi, ta ɗauki 'yar kwalbarta, ta ɗiga na uku.